Kulocin da ya ƙi sakin fuska

Taraktar da kawuna ya bar mini ta girme ni, ta girmi babana ma. Ferguson TE20 ce, ƙarama mai ruwan toka, irin waɗanda aka ƙera a Coventry ta Ingila daga 1946 zuwa 1956. Sama da rabin miliyan aka yi, tawa ce dai Allah ya haɗa ni da ita.

Ta daɗe a ajiye, ruwa ya doke ta, rana ta gasa ta. Na sa sabon batir, na zuba fetur, ta tashi ras, har na fara jin kaina wani injiniya. Na taka kuloci zan sa giya, sai giyabos ya yi wata ƙara ƙarrr wadda ta sa maƙwabcina leƙowa ta kan shinge.

"Malam, fedar ce ta saki," in ji shi. "Ɗaure ta kawai."

Wannan bawan Allah bai taɓa mallakar ko keke mai giya ba, amma ya iya faɗin magana da ƙarfin zuciya. Muka kwance, muka ɗaure, muka rage wasan fedar, muka ƙara. Ƙarar tana nan yadda take.

Na ɗauko wani dattijon bakanike. Bai taɓa sifana ba, ya tsuguna ya leƙa ƙasanta, ya ce: "Yaro, faifan kulocin ne tsatsa ta manne shi da babban faifan bayan inji. Ko ka taka har ƙafarka ta huda ƙasa, ba zai saki ba."

"To Baba, mene ne magani?"

Ya ce a bar inji ya yi zafi, a sa ta tafiya cikin giya, ƙafa na danne da kuloci, sai a riƙa dukan birki da ƙarfi har tsatsar ta karye. Sai dai wannan tarakta da sandar giya ake tayar da ita: akwai wani gurbi na musamman da ake tura sandar, kik ya kama. An yi haka ne don kada ta tashi cikin giya ta take mutum. Dabara mai kyau, amma a ranar ita ce ta tsaya mana a wuya.

Sai muka koma turi. Na buɗe makulli, na sa giya inji a kashe, suka ingiza ni gangare. Ta yi tari, ta kama, ta zabura.

Nan na gane dattijon ya gaya mini yadda ake farawa, bai ce komai ba game da tsayawa. Na danne kuloci da hagu, ina dukan birki da dama, ita kuwa tana ta tafiyarta kamar jakin da ya hango gida. Na murɗa sitiyari na shiga zagaye fili. Duk zuwan da zan yi kusa da su, maƙwabcina na ihu, "Taka birki!" Me yake tsammani nake takawa? Dattijon ya samu inuwa ya zauna, yana ɗaga mini hannu duk lokacin da na wuce.

Na san zan iya kashe makulli. Amma kashewa na nufin a sake turi, kuma masu turin sun riga sun fara kallon hanya.

Ina cikin hawan tudu na sake dukan birki, sai na ji gau! a ƙarƙashina. Kuloci ya saki. Na ɗaga hannu ina murna, ƙafata kuwa tana nan danne da fedar kuloci. Inji ya rabu da tayoyi, tarakta ta tsaya cak, ta yi ɗan tunani, ta fara komawa da baya. Shingen maƙwabcina ne ya tare mu. Ya ce dama yana da niyyar gyara shi, amma fuskarsa ba ta ce haka ba.

Washegari na ɗaura mata garma. Inji na ruri, tayoyi na jan jiki, wani ƙauri na tashi. Jiya kuloci ya ƙi saki, yau ya ƙi kamawa. Dattijon ya nuna mini ɗan ramin da ke ƙasan gidan kuloci, mai na ɗiga ta nan. Robar da ke tare mai a bayan inji ta mutu, mai ya jiƙa faifan.

"Sai an raba ta biyu," in ji shi.

Na ɗauka wasa yake. Ashe ba ta da wani firam, inji da giyabos su ne ƙashin bayanta, kuloci kuma yana tsakaninsu. Muka cusa katako a gatarin gaba don kada inji ya kife, muka sa jak, muka kwance notuna, muka ja gaba ya rabu da baya. A ciki muka tarar da sheƙar ɓeraye, har da tsummokara.

Ana jiran sabon faifai, uwargida ta fito ta tsaya tana duban rabi nan, rabi can.

"Maigida, yanzu tarakta biyu gare mu ke nan?"

Kafin in amsa, maƙwabcina ya leƙo ta inda shinge ya karye, ya ce idan zan sayar, shi rabin da ke da kujera yake so.