Tarihin Christian Riganò bai goyi bayan wannan labari ba

Ban yarda da iƙirarin labarin nan ba, cewa duk ɗan wasan da ya daɗe a ƙananan rukunonin Italiya gwanintarsa ce ta gaza, domin tarihin Christian Riganò kaɗai ya isa ya rusa wannan magana. Magini ne daga tsibirin Lipari, wanda ya shafe shekaru yana haɗa aikin gini da ƙwallo kafin ya yi suna a ƙungiyar Taranto. Lokacin da ƙungiyar Fiorentina ta birnin Florence ta yi karayar arziki a 2002 aka jefa ta rukuni na huɗu, wato Serie C2, shi ne ya ci ƙwallaye 30 a kaka guda ya taimaka mata ta hauro, amma bai taka Serie A, wato rukuni na farko, ba sai a 2004, yana ɗan shekara 30. Duk da haka ya ci wa Messina ƙwallaye 19 a kakar 2006/07, ko da yake ƙungiyar ta faɗi a shekarar. Mai sharhin da ya ce ai 'yan ƙwallon Turai duk attajirai ne, ya sani cewa bayan Riganò ya ajiye takalmi aikin ginin ya koma a birnin Florence. Serie C, wato rukuni na uku, tana da ƙungiyoyi 60 a yau, kuma ba baƙon abu ba ne a rage wa wasu maki saboda jinkirin biyan albashi. Shin marubucin ya bincika wa yake zuwa kallon waɗannan 'yan wasa kafin ya yanke musu hukunci?