Ba yawan sakin masu laifi ne aibin kotun ɗaukaka ƙara ba

Da zarar an ji kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin da aka yanke wa wani, sai tsinuwa ta cika shafuka: an sayi alƙalai, lauyoyi sun murɗe doka, mugu ya sha. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗanda ya kamata ta saka amma ta ƙi.

Da yawanmu mun ɗauka sabuwar shari'a ake yi a can. Ina! Alƙalan ba sa ganin shaidu. Kundi ake ajiye musu: abin da alƙalin farko ya rubuta, takardun da ya karɓa, da hujjojin lauyoyi. Aikinsu su duba ko an bi doka, ko an karɓi shaidar da bai kamata a karɓa ba, ko an ba wanda ake tuhuma damar kare kansa, ko amsa laifin da ya yi da duka aka tatso ta. Daga nan su tabbatar da hukunci, ko su rage shi, ko su ce a sake shari'a, ko su sallami mutum. Wannan da wasu ke rainawa suna kira "kuskuren takarda", shi ne abin da zai tsare ka ranar da tsautsayi ya faɗa maka.

Amma idan tambaya ta zama wane shaida ne ya faɗi gaskiya, sai su janye jiki. Su ce alƙalin farko shi ya ga idon shaida, shi ya ji rawar muryarsa, don haka ba za su taɓa ba. To nan gizo yake saƙar. Mutumin da bai ji ba bai gani ba, sau da yawa babu wata doka da aka karya a shari'arsa. Shaida ne kawai ya nuna shi da yatsa, da zuciya ɗaya, alhali ya yi kuskure. Kundinsa fes yake, kuma wannan tsabtar ce take riƙe shi a gidan yari.

Ingila ta sha wannan. A 1896 aka ɗaure Adolf Beck bayan mata da dama sun rantse shi ne ya damfare su, aka sake kama shi da laifi a 1904, ashe wani ne daban. Abin kunyar nan na cikin dalilan da suka sa aka kafa kotun ɗaukaka ƙarar manyan laifuka a 1907. Ita ma kotun da ta gaje ta ba ta tsira ba. Mutum shida da aka ɗaure a 1975 kan bama-baman Birmingham, sau biyu ana watsi da ƙararsu, sai a 1991 aka wanke su, bayan shekara 16. Ganin haka aka kafa hukuma ta daban mai bin diddigin hukunce-hukuncen da ake shakka a kansu, ta fara aiki a 1997. Irin wannan hukuma nake ganin kowace ƙasa ke buƙata, wadda za ta fita ta nemo sabuwar shaida, domin fursunan da ba shi da lauya ba zai nemo ta daga kurkuku ba.

Sai jinkiri. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin ɗan ƙasa ta ce duk wanda aka kama da laifi yana da haƙƙin kotun gaba ta duba hukuncinsa. Da kyau. Amma wanda aka ɗaure shekara uku, kundinsa ya shekara huɗu bai isa sama ba, me aka duba masa? A Najeriya ma an yi wanda ya fi haka muni. An yanke wa Nasiru Bello hukuncin kisa a jihar Oyo kan fashi da makami, ya ɗaukaka ƙara, aka kashe shi a 1981 tun ba a saurare ta ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce kisan ya saɓa wa doka, ta ce a biya iyalinsa diyya. Ko ya aikata fashin ko bai aikata ba, kotun da ya kai wa kuka ba ta samu damar faɗa ba.