Yadda Daddawa ta Zama Sirrin Gwamnati

Shekara huɗu ke nan ina aiki a Riyad da wani kamfanin ba da shawara kan fasaha, inda nake zana tsarin rumbun bayanai: wace ma'ajiya za ta riƙe me, ta ina bayani zai bi, kuma wa aka yarda ya leƙa. Kafin a ɗauke ni sai da aka tantance ni har kakanni, sannan na sa hannu cewa bakina ƙanin ƙafata. Kawuna na Shara Mansur a Makka, da ya ji ana ce mini muhandis, wato injiniya da Larabci, har yau yana jiran in zana masa gidan da zai gina a Kano.

A Saudiyya bayanan hukuma mataki huɗu ne, tun daga na kowa da kowa har zuwa sirri mafi tsanani, kuma ɗakin da muke aiki na manyan matakan ne. Waya a akwatin bakin ƙofa take yini, kuma kowace takarda da ke ciki tana da hatimi da lamba, ba ta fita.

Ranar wata Alhamis uwargida ta lissafa mini cefane tun da asuba. Ina tsakiyar aiki na tuna, sai na jawo takarda na rubuta don kada in manta: kuka 3, daddawa 10, kanwa 1, yaji 2. Na ninke na jefa aljihu.

A bakin ƙofa jami'in tsaro ya zaro ta, ya juya ta sama da ƙasa, ya kira na gaba da shi. Su a ganinsu kalmomin sirri ne da lambobi. Kuka ba ta ba ni wahala ba, domin na ce garin ganyen bishiya ne, amma da aka zo kan daddawa Larabcina ya ƙare, tun da duk bayanin da na yi kan ƙwayar ɗorawa da ake dafawa a rufe ta kwana uku sai ya ƙara musu zargi. Awa biyu aka yi, aka rubuta rahoto, sannan injin yayyaga takardu ya cinye cefanen a gabana.

Na isa gida hannu rabbana, ta tare ni a ƙofa.

"Abban Hafsa, ina daddawar?"

Na ce, "Hajiya, ba ki da izinin jin wannan bayani."

A daren nan da burodi da shayi na kwana.