Maganin ƙiba na bakin tasha da yaron da ke jiran tiyatar zuciya

A wani asibiti a nan Yamai na ga wata mata da ta taso daga Tawa da ɗanta mai larurar zuciya a goye. Da ya kama nono sai ya saki yana haki, gumi na tsattsafo masa a goshi. Likita ya tambaya ko an taɓa ba shi magani. Uwar ta sunkuyar da kai, sai kakar ta kwance bakin zane ta fito da ƙwayoyi. "Likita, ramar ce ta ishe mu, muka sayo a tasha ko zai yi kumari." Deksametazon ne.

Ban ga laifinsu ba. Kusan jariri 1 cikin 100 ake haifa da larurar zuciya, kuma mai ita yakan rame domin zuciyar na cinye ƙarfin da nono ya ba shi. Wace uwa za ta zuba ido?

Sai dai ƙwayar nan kumburi take sawa, kuma tana da wata ɓarnar a ɓoye. A bisa kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka mai fitar da sinadarin kotizol, wanda ke riƙe ƙarfin jini idan jiki ya shiga wuya. Ranar da aka buɗe ƙirjin yaro aka jona shi da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu, jikinsa kan rikice: sukari ya hau, kotizol kuwa ana bukatarsa fiye da kullum. Yaron da ya yi makonni yana shan deksametazon, tsokar nan ta saba da hutu, domin ƙwayar ta karɓe aikin kotizol a jikinsa. A nemi ta tashi ta kasa, jini ya faɗi, alhali ɗinkin likita lafiya lau yake.

Idan likita ya sani tun farko, zai ƙara wa yaron kotizol ɗin ta allura. Don haka iyaye su faɗi gaskiya, kada kuma su yanke ƙwayar rana ɗaya, a hankali ake janye ta. Ma'aikatan lafiya su ma su rage faɗa, tsawa ce ke sa uwa ta ɓoye. Ita kuwa Ma'aikatar Lafiya, ina roƙonta ta hana sayar da wannan ƙwaya a faranti a tashoshinmu.