Albasa, albasa, kullum albasa!

Wai don Allah a Lasalgaon babu wata magana ce sai albasa? Na yarda, garin nan na gundumar Nashik a jihar Maharashtra shi ne babbar kasuwar albasa ta Indiya, amma haba! Tun asuba taraktoci sun jera kan titi suna jiran gwanjo, babur ma sai ya roƙi hanya, ga ɓawo na tashi yana shiga ido. Ka shiga shagon aski, mai aski ya ɗora maka reza a maƙogwaro yana tambayar nawa kilo 100 ya kai yau, kamar ni ne dillali. Ka ce a ba ka kalaci, a kawo poha (shinkafar da aka daka ta yi fale-fale) da albasa, rana misal (miyar wake mai yaji) da albasa, dare bhakri (gurasar gero ko dawa) ga ɗanyar albasa a gefe an fasa ta da naushi. Farashi ya faɗi, fuskar kowa kamar an yi mutuwa. Ya tashi, gwamnati ta hana fitarwa waje kamar a Disamban 2023, a rufe gwanjo a hau zanga-zanga. Wallahi ko turaren rigata yanzu warin albasa yake yi!