An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Jaridar Daily Trust ta nemi afuwa kan labarin da ta buga ranar 4 ga Yulin 2024 game da Yarjejeniyar Samoa, wato yarjejeniyar haɗin gwiwa tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka, Karebiyan da Pasifik wadda Najeriya ta sa wa hannu a Brussels. Labarin ya yi iƙirarin cewa yarjejeniyar ta tilasta goyon bayan masu neman jinsi, kuma afuwar ta zo ne bayan hukumar da ke sauraron ƙorafi kan kafafen yaɗa labarai ta tabbatar cewa babu inda takardar ta wajabta wa Najeriya amincewa da auren jinsi. Jaridar ta sauke nata nauyin. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne har yau ban ji ɗan siyasa ko ɗaya daga cikin waɗanda suka cika gidajen rediyo da kumfar baki a wancan makon ya fito ya ce wa jama'a ya yi gaggawa ba. Sun tayar da hankalin al'umma, sun samu tafi da yabo, sannan suka yi tsit kamar ba su ne suka yi maganar ba.

Matsayina a kan auren jinsi shi ne matsayin addinina, kuma ban taɓa ɓoye shi ba. Amma ko shugaban siyasa ya kamata ya ɗauki wannan batu ya sa shi a sahun gaba, wannan wata tambaya ce daban, kuma amsata ita ce a'a, ko yana neman halatta shi ne ko yana neman nuna cewa ya fi kowa ƙin sa. A Najeriya an gama wannan magana tuntuni. Majalisar Dattawa ƙarƙashin David Mark ta amince da ƙudirin haramcin a Nuwamban 2011, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa masa hannu a Janairun 2014, kuma dokar ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla irin wannan aure da shekara 10 ga masu kafa ƙungiyoyinsa. Jihohin Arewa goma sha biyu suna da dokokin shari'a tun farkon shekarun 2000. Babu wata babbar jam'iyya da ta taɓa sa soke waɗannan dokoki a cikin alƙawuranta. To, ɗan majalisar da ya tashi yana rantsuwa cewa zai tsare mu daga auren jinsi, wane aiki ne ya rage da zai yi?

A watan da Majalisar Wakilai ta ware lokaci ta yi muhawara kan Samoa, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar da cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.19 cikin ɗari, ta kayan abinci kuma ta haura kashi 40. Magidanta suna sayen masara da gwangwani, ma'aikaci yana ƙarar da albashinsa a kuɗin mota tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023. Wata huɗu kafin nan 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga makarantar Kuriga a Jihar Kaduna da rana tsaka. A Disamban 2023 jirgin soja ya saki bam a kan masu taron Mauludi a Tudun Biri. Waɗannan su ne abubuwan da ke buƙatar kasafi da bibiya da hukunta masu laifi, kuma su ne abubuwan da ɗan siyasa ke gudu, domin a nan ake gane wanda ya yi aiki da wanda bai yi ba. Tsine wa auren jinsi kuwa ba ya cin kobo ko ɗaya, ba ya buƙatar zama a kwamiti, kuma babu mai bin ka bashin sakamako. Shi ya sa suke son sa.

Na san za a ce kare addini da tarbiyya ya fi cika ciki muhimmanci. Wannan magana ce mai daɗin ji, amma ba ta amsa komai ba, domin kare rai da dukiya da zuriya suna cikin manyan manufofin shari'a, kuma shugaba shi za a fara tambaya a kansu. Idan da gaske aure ake son karewa, a duba abin da ke rusa shi a garuruwanmu. Saurayi ya kai shekara talatin da biyar bai iya haɗa lefe da kuɗin haya ba. Ana sakin mata saboda cefane ya gagara. A Oktoban 2023 sai da gwamnatin Kano ta ɗauki nauyin aurar da mutum 1,800 da abokan zamansu a ƙarƙashin Hukumar Hisbah, domin iyayensu ba su da halin yin kayan ɗaki. Ba wata takarda da aka sa wa hannu a Brussels ce ta jefa su cikin wannan hali ba.

Shugabannin Turai da Amurka ma ban wanke su ba. A 2011 Firaministan Birtaniya na lokacin, David Cameron, ya yi barazanar rage tallafi ga ƙasashen da ke hukunta luwaɗi, kuma bayan makonni kaɗan sanatocinmu suka amince da ƙudirinsu. A Agustan 2023 Bankin Duniya ya dakatar da sababbin basussuka ga Yuganda saboda dokarta ta hukunta luwaɗi. A Ghana, bayan majalisa ta amince da nata ƙudirin a Fabrairun 2024, ma'aikatar kuɗi ta yi gargaɗin cewa ƙasar na iya rasa dala biliyan 3.8. Kuɗin da ake riƙewa na asibiti ne da makaranta da rijiyar burtsatse, kuma matar da ke naƙuda a ƙauye ba ita ta rubuta doka ba. Amurkar kanta sai a 2015 Kotun Ƙolinta ta halatta wannan aure a faɗin ƙasar. Duk lokacin da suka matsa lamba, kyauta suke yi wa ɗan siyasarmu da ya gaza, domin nan take yake zama gwarzon da ya tsaya wa Turawa.

Akwai kuma illar da ba ma son ambatawa. Idan shugabanni suka zuga jama'a, ba a kan takarda fushin ke sauka ba, a kan mutane yake sauka. A Janairun 2014 taron jama'a ya yi ta jifan wata kotun shari'a a Bauchi yana neman a ba shi waɗanda ake tuhuma da luwaɗi tun kafin alƙali ya yanke hukunci. Zargi ba hujja ba ne, addini ya hana bin diddigin asirin mutane, kuma hukunci na kotu ne, ba na 'yan unguwa ba. Maƙiyin mutum na iya ƙaƙaba masa wannan ƙazafi don ya ƙwace masa waya ko ya ɓata masa suna, kuma wanda ya hura wutar daga Abuja ba zai zo ya cece shi ba.

Ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya cinye babban ɓangare na Maiduguri, dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni. Ina so wakilanmu su kira waɗanda ke da alhakin kula da wannan madatsa, su zaunar da su a gaban kyamara, su tambaye su nawa aka ware don gyaranta a shekarun da suka wuce da kuma inda kuɗin ya shiga.