Adashen da Ba Ranar Kwasa

Ni dillalin tumatir ne a kasuwar Mile 12 da ke Ikko, ba ruwana da rigima. Wata Talata ina cikin danfo daga Ketu zuwa Oshodi, mu biyar a bencin mutum huɗu, gwiwata ta tokare kwandon kifin wata mata, sai waya ta yi ƙara. Da ƙyar na zaro ta. Rubutun Turanci ya rufe fuskarta, abin da na iya tsinta kawai shi ne "danna 1". Kafin in haɗa baƙin farko direba ya afka rami, babban yatsana ya sauka inda Allah ya nufa. Nan take aka turo saƙo ana taya ni murna. Murnar me, oho.

Washegari na sa katin naira 500. Da azahar na danna *310#, saura 450, alhali ko gaisuwa ban yi da kowa ba. Kullum hamsin, kullum hamsin, kamar na shiga adashen da ba ranar kwasa. Na tuhumi yarona, ya rantse. Uwargida ma na yi mata wani kallo, ta ce, "Malam, in da ni ce, ai duka zan kwashe."

Ranar Juma'ar makon da ya biyo baya surukina ya kira daga Kano. Na gyara zama, na yi sallama cikin ladabi. Shiru.

"Wace ce wannan?"

"Wace, Baba?"

"Wadda take rangaɗa mini waƙar Yarabanci da ganguna kafin ka ɗauka. Ko aure ka ƙara a Ikko ba mu da labari?"

Ashe kwana goma duk wanda ya kira ni sai an yi masa biki. Sai a lokacin na gane dalilin da limamin unguwarmu a Agege yake amsa gaisuwata a taƙaice.

Na garzaya wurin yaron da ke cajin waya a bakin kasuwa. Ya ce in tura STOP zuwa 2442, lambar da hukumar sadarwa ta NCC ta fito da ita a 2016 don toshe saƙonnin talla. Talla ta tsaya, amma baiwar Allah ba ta fasa waƙa ba. Sai da muka bi ta *305#, lambar fita daga irin waɗannan tsare-tsare, aka yi ta tambayata ko na tabbata zan fita. Lokacin da rami ya shigar da ni, wa ya tambaye ni?

Bayan mako guda Baba ya sake kira. Muka gaisa, ya tambayi kasuwa da yara, sannan ya sassauta murya.

"Yau ban ji yarinyar nan ba. Har ka sake ta?"